Romon da Ke Rawa a Faranti

Zango, Kumasi, cikin watan Sha'aban

Salamu alaikum mutanen Nima ta Akra kaf ɗinku! Na zaune da na tsaye, na kan tabarma, da mai leƙowa ta taga yana cewa shi ba sauraro yake ba. Ina gaida maza, ina gaida mata, ina gaida masu haƙora da waɗanda suka riga suka sallami nasu. Ina gaida Iddi ƙanin matata, mai gidan, da iyalinshi, da 'yan haya, da akuyar nan tashi mai cin sabulu in tana raye. Ni ne Ɗanjuma mahauci na Zangon Kumasi, wanda in ya fito da wuƙa bijimi ke juyawa ya nemi gafarar 'yan'uwanshi. Allah ya sa takardan nan ta same ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin mota da na teku da na maƙwabci.

Bayan haka, Sule ɗana, kai nake nema. Na san kawunka Iddi ne zai karanta, kuma na san Iddi bai iya karatu a ciki ba, sai ya tsaya tsakar gida ya buɗe maƙogwaro kaman mai kiran salla. To haka nake so. Iddi, ƙara murya. In ka ga wani baƙi ya karkace kada ka yi dariya, alƙalamin ne bai saba da hannun manya ba.

Sule, kwanon ya dawo.

Kwanon nan mai murfi da Mmanka ta cika maka da daskararren romo don ka dinga sha a hanya. Matar da ke saida burodi a tashar motar Akra nan Kumasi ita ta kawo shi har gida. Ta ce a ƙarƙashin benci ta tsince shi. Ta ce ka buɗe, wasu fasinja suka leƙa suka ce, "Maigida, mene ne wannan ke rawa, ko sanyi yake ji?" aka yi dariya, sai ka rufe ka tura shi da ƙafa. Mmanka ta karɓa ta buɗe, ta ga ko cokali ba a sa ba, ta rufe, ta shiga ɗaki.  Ni da na san matan nan tun tana tallan goro, na fi tsoron shirunta da faɗanta. Wato tun daga Kumasi har Akra, cikin zafin mota, ba abin da ya bi ta maƙogwaronka. Kai yaro!

Mutanen Nima, bari in faɗa muku don ku san wa kuka sauka. Siririn nan da kuke gani kaman karan rake, da ba haka yake ba. Da in Sule ya shiga motar trotro, direba ya kan sauko ya leƙa tayoyi. Fufu da dambe ɗaya yake gamawa da shi. Jini ba ya ƙarya, nawa ne. Sai gyambon ciki ya kama shi, ya yi ta cin shi a ɓoye har ya fashe, aka kwashe shi sai asibiti. Likita ya buɗe shi ya yanke mafi yawan tumbin, ya bar mashi ɗan abin da bai wuce kofin shayi ba. Na ce a bari in shiga in ga yankan, don a harkar tumbi ni ma ba baƙo ba ne, suka hana ni. Hassada ce kawai. Ranar da za a sallame shi likitan ya kama hannuna ya ce, "Baba, abinci kaɗan-kaɗan zai ci, wannan ba damuwa. Ruwa ne maganar. Ba zai iya sha da yawa lokaci ɗaya ba, kuma in bai sha ba jikinshi zai bushe, ƙoda ta tsaya. Sai dai ya yini yana kurɓa." To wannan shi ne abin da ke gabanmu, ba wani abu ba.

Sule, ni ba na kuskure, kowa ya sani a Zango. Amma a kan cikinka na yi wasu abubuwa da suka yi kama da kuskure, zan faɗa maka su don kada ka maimaita.

Ranar da muka dawo da kai gida na ce a raina likita ya ce ruwa, to ga ruwa. Na ɗauko babban kofin silba na cika shi fal daga randa, na ce, "Ɗaga kai ka shanye, ɗan mahauci ba ya tsotso." Mmanka ta ce, "Baban Sule, ba haka aka ce ba." Na ce mata ni likitan ya kama wa hannu ko ke? Ka daure ka sha rabi don kunyata. Ban gama cewa madalla ba ruwan ya dawo, a kan ƙafafuna, da takalmina na Juma'a. Ka riƙe ɗinki kana nishi, Mmanka tana kallona. Saboda haka kurɓi ɗaya, ka ajiye, ka yi hira, ka ƙara kurɓi. Kaman yadda tsoho ke shan shayin da ba shi ya dafa ba, yana ja don kada a tashe shi. Kada kuma ka sha a kan abinci, gurin bai isa baƙo biyu ba. Bari ɗaya ya fita tukuna.

Daga nan ruwa zalla ya dinga tayar maka da zuciya, ko ganin kofi ba ka so. Wata nas 'yar Asante, Allah ya saka mata, ta ce akwai wani gari a kantin Turawa, ana kaɗa shi da ruwan zafi ya daskare, mara lafiya ya dinga sa wa a baki yana narkewa. Na tashi zan tafi sai Malam Yakubu limaminmu ya ce ya ji ana cewa da ƙashin alade ake yin shi. Na je na tambayi mai kantin. Ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa, ya ce shi ma bai sani ba. Na ce to riƙe abinka. In dai ƙashi ne ke daskarar da ruwa, wa ya fi ni ƙashi a Kumasi? Tun ina yaro nake ganin romon ƙafar sa in ya kwana yana zama kaman ƙaro. Ashe abin da Bature ke sa wa a kwali kenan, mu nan muna ba kare.

Na farkon da na yi maka, na yi shi irin na maza. Na zuba yaji, na zuba tattasai, na jefa daddawa, kitsen kuma na bar shi a sama yana ƙyalli. Mmanka ta ce in kwashe. Na ce Adiza, mahaucin da ya zubar da kitse ai ya zubar da sunan ubanshi. Ka sha cokali biyu. Ka tuna abin da ya biyo baya, ba sai na faɗa a gaban matan Nima ba. Ya isa in ce ka yini tsakanin tabarma da bayan gida, kuma ɗan ruwan da ke jikinka ma ya bi ta can. To ga yadda ake yi na gaskiya, wanda ni na gano, Mmanka tana gefe tana ɗan tuna mini.

Ka je mahautar Nima da safe, ka ce ɗan Ɗanjuma na Kumasi ne, za ka ga sun miƙe. In ba su miƙe ba sababbi ne. Ka karɓi ƙafar sa, ta gaba ko ta baya duk ɗaya, amma ta yankan ranar. Ka shinshina tsakanin kofato, nan ƙafa ke faɗin gaskiya. A babbake gashin, a kankare har ta yi fari, a daddatsa, a wanke. Ka sa a tukunya ta tafaso, ka zubar da wannan ruwan na farko duk da kumfarshi, shi ke ɗauke da ƙarni. Ka sake wanke ƙafar da tukunyar, ka zuba sabon ruwa ya rufe ta sosai, ka jefa ɗan guntun citta don ƙamshi kawai, za ka cire shi daga baya. Sai ka ɗora a kurfoti da gawayi kaɗan. Ba wutar suya ba. Wuta irin wadda tukunya ke gunaguni ba ta faɗa. Ka bar ta tun hantsi har ƙashi ya tuɓe ya tsaya tsirara. In ka ɗiga romon a yatsa biyu ka haɗa ka ji suna kama juna, ya yi.

Sai ka tace da farin ƙyalle mai tsabta. Naman da fatar ka ba kawunka Iddi, shi tumbinshi cikakke ne, har ma da ƙari. Romon ka bar shi ya huce, kitse zai taso ya kwanta a sama. Kwashe shi duka. Na ce duka. Ba da son raina nake rubuta wannan ba, amma kwashe. Sannan ka ɗan ɗumama shi, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. In romon ya yi kauri ka sirka da dafaffen ruwa, don ruwan muke so ya shiga, romon ɗan rakiya ne. In kana son na zaƙi, ku can kuna da kwakwa kaman ƙasa, ka zuba ruwan ɗanyar kwakwa a ciki, ko ka matsa lemon zaƙi kaɗan. Kada ka cika sukari. Ran da na zuba maka shi da hannun kyauta zufa ta karyo maka, ka ce ɗakin na juyawa.

Ka zuba a faranti mara zurfi ka rufe, ka kai shi gurin sanyi. Mu nan Maame Akosua mai saida ruwan sanyi ke sa mana a firijinta mai aiki da kananzir. Ran farko da ta buɗe ta gan shi yana karkarwa sai ta ja da baya ta ce, "Ei, Baba Nama, abin nan naka na da rai?" Na ce Maame, yana gaida ki ne, tarbiyyar gidana kenan. Kai ma ka nemi mai firiji a unguwa ka yi mata ladabi. In babu, ka samo ƙanƙara ka sa a roba ka ɗora farantin a kai. In ya daskare ka yayyanka ƙanana kaman ƙwayar sukari. Ɗaya a baki, kada ka tauna, kada ka haɗiye, bar shi ya narke da kanshi ya gangara. In ya kwana biyu, ko ka ji ya fara tsami, zubar, kada ka ce asara. Kuma ba ya hana ka kurɓar ruwa tsakani, taimaka mashi yake yi.

Yanzu ga babban. Iddi, nan ka sassauta murya kaɗan. A'a, bar ta yadda take.

Ka san al'adar Zango, ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Tun safe 'yan dubiya ke shigowa, mutanen masallaci, mahauta, na unguwar Asawase, har waɗanda ba su san sunanka ba. Kuma ba a shigo gidan Ɗanjuma a fita baki bushe. Ran nan romon ya fito da kyau paa, garau, kana ganin zanen farantin ta cikinshi. Mmanka za ta tafi taron suna a unguwar Oforikrom, ta ce, "Baban Sule, ga shi nan, ka dinga ba shi." Kai kana barci a ɗaki. Alhaji Bawa dillalin shanu ya shigo, na ce Alhaji zo ka ga abin da Bature ya kasa. Na girgiza farantin, ya yi rawa. Alhaji ya ce, "Ɗanjuma, wannan ci ake ko sha?" Na ce ɗanɗana ka ba kanka amsa. Ya ɗanɗana. Ya ce bai gane ba tukuna, ya ƙara. Ladan ya shigo, shi ma ya ce a ba shi ya raba gardama. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa Ɗanjuma ya daskarar da ruwa ba ƙanƙara. Na zauna a zaure ina bayani, faranti na zagayawa, ana cewa kai Ɗanjuma, kai Ɗanjuma. Wallahi na ji daɗin ranar. Duk wanda ya ce ina mai jikin, sai in ce yana hutawa, kada a tashe shi.

Da la'asar ka fito za ka yi alwala. Na ji buta ta faɗi. Na leƙo na gan ka kwance a tsakar gida, leɓɓanka sun tsage, ido ya faɗa ciki. Na kira sunanka ba ka amsa ba. Na ɗaga ka, Sule, na ɗaga ka da hannuna ni kaɗai, kai da da mutum huɗu ke kama ka. Wannan rashin nauyin har yau yana hannuna. Waɗanda suka cinye romon su suka tsaida tasi. A asibiti suka yi ta neman jijiya ba su samu ba, sai da ƙyar, suka rataya maka ruwa. Likitan ya ce, "Baba, me ya sha yau?" Na ce mashi ba komai. Ya ce in aka sake haka ba lallai ne ƙodar ta tashi ba.

Mmanka ta iso da kayan sunan a jikinta. Ta dube ka, ta dube ni, ta ce, "An yaba?" Na ce me? Ta ce, "Romon. Mutane sun yaba?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka farantinka naka ne. Ba rowa ba ce. In baƙo ya shigo ka ba shi goro, ka ba shi tabarma, ka ba shi labari. Ku kuma mutanen gidan Iddi, ga ni ina faɗa muku daga Kumasi, duk wanda ya sa hannu a farantin nan, babba ko yaro, zan hau mota in zo, kuma ba da sanda nake tafiya ba.

Sauran maganar kunya, wadda ta sa ka tura kwano ƙarƙashin benci. Wannan ma gadona ne, na san ta. Ina saurayi muna koro shanu a ƙasa daga arewa, muka iso wani rafi da rana tsaka, ga 'yan matan Fulani suna wanke ƙwarya. Abokan tafiyata suka durƙusa suka kafa kai suna sha kaman shanun. Ni kuwa na tsaya na dogara sanda, na ce ni Ɗanjuma sai na ga dama nake jin ƙishi. Wata fara a cikinsu ta miƙo mini ƙwarya, na ce na gode, na sha jiya. Suka yi ta kallona, na ji kaina ya yi girma. Ba mu yi nisa ba ƙasa ta taso ta same ni a fuska. A kan jaki aka maido ni rafin, kaina na lilo a gefe ɗaya, ƙafafu a ɗaya gefen, kuma 'yan matan nan dai ba su tafi ba. Ita farar ce ta ɗura mini ruwa tana cewa, "Sannu mai shan jiya." To ka gaya mini wanne ya fi, a yi maka dariya kana zaune da cokali a hannu, ko a yi maka kana kan jaki?

Fasinjan da suka yi maka dariya sun sauka sun tafi gidajensu da tumbinsu cikakke, ko sunanka ba su sani ba. In ka faɗi a gurin aikinka na tashar jirgin ruwa ba su za su zo ba, Mmanka ce za ta hau mota tana kuka. Kuma yanzu ai ba sauran abin ɓoyewa, ga shi duk Nima ta ji. Da gangan na yi. Matar Iddi, na ba ki wuƙa da nama, in hantsi ya yi ba ki ga bakinshi na motsi ba, ki yi mashi tsawa da sunana. Tsofaffin gidan, in ya wuce ku ce, "Sule, ka kurɓa?" In ya ɓata rai ku ƙara tambaya. In wani a gurin aiki ya ce mene ne wannan ke rawa, ka ce mashi ƙirar ubana ce, babu irin shi ko a Ingila, kuma ba a ba kowa.

Ga azumi ya ƙarato, na kuma san halinka, za ka ce kada a ga ƙato yana sha da rana. Na riga ka. Na je gurin Malam Yakubu na faɗa mashi duk abin da likita ya ce. Ya ce Allah da kanshi ya ɗauke wa mara lafiya, in ka warke ka rama, in likita ya ce ba hali sai a ciyar. Ya ce wanda ya ƙi sauƙin da Allah ya ba shi don idon mutane, to mutane yake wa azumin. In kana jin nauyi ka shiga ɗaki ka sha, amma ka sha. Ciyarwar kuwa bar mini, tukunyar gidana ta saba.

Abu ɗaya kuma, matan gida ku toshe kunne. Ka dinga duba fitsarinka. In fari ne kana kan hanya. In ya yi ja kaman shayin da aka manta a wuta, ko ka yini bai zo ba, ko ka miƙe ka ga duhu, kada ka jira kowa, kada ka nemi saiwa, asibiti kai tsaye. Iddi, kai za ka kai shi.

Mmanka na gaida ka. Ta ce in rubuta cewa ba ta yi fushi ba. Na rubuta, amma ni ban yarda ba. Allah ya tsare mana kai, ya warkar da ɗinkin ciki da na waje, ya ba ka sa'ar aiki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo da kai gida da ƙafarka. Allah ya bar zumunci, mutanen Nima, ya ba ku haƙurin zama da jinina.

To Sule, ka ga duk wannan ilimin na ba ka ban nemi komai ba. Sai dai abu ɗaya. Manyan rigunanka da ka kwashe ka tafi da su, me za ka yi da su? Yanzu in ka sa ɗaya ai sai a aika a nemo ka a ciki. Ni kuwa na auna a ido, daidai ni suke, kaman don ni aka ɗinka. Ka naɗe su ka ba direban Kumasi, musamman shuɗiyar nan mai aiki a wuya, ina so in hau idi da ita Alhaji Bawa ya rasa barci. Ka sa ɗan rubutu a aljihunta, da hannunka ba na Iddi ba, ka faɗa wa Mmanka cewa kana sha. In babu rubutun ba za ta bar ni in sa rigar ba, ka ga kenan sallata a hannunka take. Ka aiko da wuri, har da hularta.

Ni ne ubanka,
Ɗanjuma mahauci, Zangon Kumasi